Ba Ni Zan Ƙera Uwar Maƙera Ba

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Tudun Wada lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba.

Labarin da ka ji gaskiya ne, na faɗi jarrabawar C++, yaren nan da ake ba kwamfuta umarni da shi, kuma in na sake faɗi sashen kwamfuta zai sallame ni. Abin da aka tambaya ba wuya. An ba mu tarin sunayen garuruwa, aka ce mu sa na'ura ta fito da su a allo da kayan aikin da ke zuwa tare da yaren. Akwai umarnin kwafa, ka nuna masa farkon tarin da ƙarshensa da inda zai zuba, layi ɗaya an gama. Ni kuwa, 'yar maƙera, na ga ɗaukar na wani ragwanci ne. Na zauna na ƙera nawa, yana ɗauko suna ɗaya-ɗaya. Malam ya ce ya yi aiki, amma ba shi ya tambaya ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar Juma'a na je Bungudu na kai ƙara wurin Baba, ina jiran ya ce na yi daidai, ni jininsa ce. Yana gyaran fartanya ya saurare ni, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce uwar maƙerar da yake duka a kai gadonta ya yi, gudumar ma a kasuwar Tsafe ya saya, kuma ba manomin da ya taɓa cewa fartanyar ba ƙirar Baba ba ce. Ya ce wanda ya tsaya ƙera guduma, damina za ta wuce shi. Kunya ta kama ni, don girman kai rawanin tsiya ne.

Tun da na dawo nake bin kayan aikin yaren nan ɗaya bayan ɗaya, na kwafa, na jerawa, na tacewa, har hannuna ya saba. Inna ta faɗa mini ka yi mini wuri a shagonka na Ibadan ko da abin ya ƙi. Na gode, Yaya, har zuciyata. Amma ka ba wani, ni ranar Litinin zan sake zaman jarrabawar, kuma ba zan taho ba.

Ka gaishe da Anti Hafsat, da Zahra'u, da Arzika sarkin rigima. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Safiya