Wayar birkin gaba

Litinin, 7 ga Yuli 2025
Mus'ab, mijin ƙanwata Husaina, ya sayo babur mai ƙafa uku. Jama'a sun taru ƙofar shagonsa suna shafawa. Ni amalanke na gani an ɗaura wa inji. Mutumin da ko keke sai an riƙe masa, yau shi ne direba. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama.

Laraba, 9 ga Yuli
Wai daga yanzu shi zai riƙa kai Inna asibiti awon jini kowace Talata. Shekara shida ina ɗauko ta daga ƙauye a bayan babur ɗina, ko gyalenta bai taɓa faɗuwa ba. Uwata ce. Ba buhun wake ba ce da za a jefa a bodi.

Asabar, 12 ga Yuli
Mus'ab ya matsa hannun birkina na gaba, ya ji fanko. Wai, "Yaya Ma'azu, ina wayar?" Na ce na cire tun ranar da na saye shi. Duk ɗan kabu-kabun da ke bin hanyar Ɗan Kassari haka yake yi: ka kama birkin gaba cikin rairayi, ka sha ƙasa. Birkin ƙafa da takalmi sun ishi namiji. Ya fara yi mini wa'azi, wai birkin nasa yana kama taya uku lokaci guda. Da ma wa'azi sana'arsa ce.

Lahadi, 20 ga Yuli
Mun gwada birki ni da Mus'ab a kwalta, bayan tasha. Daga falwayar lantarki kowa ya taka birki. Na tsaya, shi ya zarce ni da taki biyar yana kuka kamar akuya. 'Yan tasha sun yi dariya har da riƙe ciki. Akwai buhu shida a bodinsa, amma ai ba ni na loda masa ba.

Talata, 22 ga Yuli
Inna ta ce, "Ni dai ɗana shi ka kai ni." Husaina ta tura baki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Talata, 29 ga Yuli
An yi ruwa da asuba. Na ɗauko Inna, Mus'ab na biye da mu da kayan shagonsa. Na ƙara wuta don kada ya wuce ni. Mun ratsa ruwan fadama, birkin ya jiƙe, ban kula ba. A gangara amalanken jaki ya fito daga gona. Na taka, babu. Na sake takawa da ƙarfi, tayar baya ta kwashe. Hannuna da kansa ya matse birkin gaba, ya matse fanko.
Inna ta faɗi tsakiyar hanya, daidai gabansa. Na ji ƙarar tayoyinsa, na rufe ido.
Ya tsaya. Bai karkace ba, bai kife ba. Daga tayarsa zuwa kan Inna, na auna daga baya, bai kai kamu ɗaya ba.

Laraba, 30 ga Yuli
Tsagewar ƙashi a wuyan hannu. A bodin nan aka kai ta, kan tabarma.
Mus'ab ya tuƙa a hankali har asibiti. Da ya yi wa'azin da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 1 ga Agusta
Inna ta ce, "Ba laihinka ba na, jakin na." Jakin dai.

Talata, 5 ga Agusta
Har yanzu babur ɗin nan nasa mummuna ne, kuma tafiyarsa ta hawainiya. Na shimfiɗa wa Inna bargo a bodi, na ce wa Mus'ab ya rage gudu a gangara. Ya ce, "To, Yaya." Na bi su a baya, ƙurarsa duk a fuskata.
A dawowa na tsaya wurin bakanike. Ya ce, "Wayar gaba? Kai ko?" Na ce hannun birkin ne ke kaɗawa yana damuna da ƙara.