Amsar da Ba Ki Koya Mini Ba, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu ungozoma,

Ina gaishe ki a durƙushe, kamar yadda kika hore mu, daga birnin Doha na ƙasar Qatar. A ƙa'idar wasiƙa nan ne zan ce ina fata kina lafiya, amma ke kin wuce inda ake tambayar lafiya, mu kika bari da ciwon baya da hawan jini. Don haka bari in shiga magana, tunda ke ma ba kya son doguwar gaisuwa in akwai aiki a gaba.

Mama, na ci! Na ci jarrabawar ɗaukar ma'aikatan jinya ta asibitin gwamnati, sun kuma ɗauke ni aiki. Na so a ce kina nan in faɗa miki a waya, ki rangaɗa guɗar nan taki mai tada kajin maƙwabta, ki gama ki ce, "To, da ma faɗuwa kika je yi?" Tunda babu waya a inda kike, ga shi na rubuta a shafina na intanet. Masu leƙe su leƙa, yau ba na ɓoye farin cikina.

Bari in tuna miki yadda muke zaune kafin wannan, don kin tafi ina sabuwar zuwa. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ina kwana a unguwar Bin Omran tare da wasu mata uku a ɗaki ɗaya, gado bisa gado. Surukinki Yohanna yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana kwana a masaukin kamfaninsu can bayan Asian Town, inda mace ba ta shiga. Gari ɗaya muke da mijina, amma sai Juma'a muke ganin juna, don a nan ita ce ranar hutu, ita ce kuma ranar cocinmu. In an tashi sujada sai mu zauna a gidan abinci muna cin shinkafa muna kallon juna kamar saurayi da budurwa. 'Yarmu Mami, takwararki, kuwa tana Malumfashi wajen ƙanwata Ladi. A waya na ga haƙoranta na gaba sun fita, a waya na ga sababbi sun tsiro.

Aikin gwamnati a nan yana zuwa da gida da izinin kawo iyali. Abin da ya kai ni neman sa ke nan. Ƙofa ɗaya nake so, wadda mu uku za mu shiga mu rufe.

Karon farko na shiga jarrabawar kafaɗa a sama. Ni da na tashi a gindinki a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu, na yi makarantar jinya, na yi shekaru a asibitin karkara inda nas ita ce likita, ita ce mai ba da magani, wata rana ma ita ce mai gadi. Wace tambaya ce za ta gagare ni? A kwamfuta ake yi, kowace tambaya da amsoshi huɗu, mutum ya zaɓi ɗaya. Na gama da wuri, har na zauna ina tausaya wa 'yan Indiya da 'yan Filifin da ke ta gumi a gefena. Da sakamako ya fito, su suka ci, ni na sha ƙasa.

Na yi kuka, na yi fushi, na ce ai an san waɗanda za a ɗauka tun kafin a buɗe ƙofa. Yohanna ya ce in nemi wani da ya ci ya duba mini inda na kuskure. Na ce masa ban zo Qatar don a koya mini jinya ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Allah ya ji ƙan Mama Saratu. Ga ta nan zaune tana cin shinkafata."

Mami ce ta sauke mini girman kai. Wata rana muna magana, 'ya'yan Ladi suna wasa a bayanta, sai na ji ta ce musu, "Ku yi shiru mana, ina magana da Mama ta waya." Ladi ce Mama, ni ce Mama ta waya. Yarinya ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa abin ya yi mini zafi. A makon nan na tafi neman Memuna.

Ba ki san Memuna ba, amma da kun haɗu da kun yi faɗa, daga baya ku zama aminai. 'Yar Zangon Kumasi ce ta ƙasar Gana, Musulma, ta daɗe tana jinya a asibitin gwamnati. Ranar hutunta takan tara masu shirin jarrabawa a falonta a unguwar Old Airport, ta dafa mana wake da shinkafa irin nasu, ta yi ta jefo mana tambayoyi. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, "kai" take ce mini, har na saba.

Ta ce in riƙa amsawa da ƙarfi kowa ya ji. Likita ya rubuta magani, kin ga ya yi wa majinyaci yawa, me za ki fara yi? Na ce in rage shi zuwa daidai in ba shi. Majinyaci mai ƙiba zai koma kan kujera, me za ki fara yi? Na ce in ɗaura ɗamara in ɗaga shi. Kin shiga ɗaki kin tarar da mutum a ƙasa, ba ya amsawa, ba ya numfashi, me za ki fara yi? Na ce in durƙusa in fara danna masa ƙirji. Duk ukun na faɗi. A ta farko a tsayar da maganin a kira likita. A ta biyu a kira abokin aiki a kawo na'urar ɗaga majinyaci. A ta uku a ɗaga murya, a danna ƙararrawar neman taimako, sannan a sa hannu a ƙirji.

Memuna ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Kai Rifkatu, ka san aiki, wallahi ka san aiki. Amma wannan asibiti da kake amsa masa, a ina yake? Ba likita, ba waya, ba mutum ko ɗaya sai kai?"

Na san asibitin. Naki ne, Mama. Ɗaki biyu da baranda, gado mai ƙafa uku da bulo, likita sai ranar da motarsa ta ga dama. Na tuna yadda kike naɗe hannun riga kina cewa, "Likita yana birni, ciwo yana nan." Na tuna in na rugo in ce miki ga abu ya faru, abin da kike fara tambaya shi ne, "Kafin ki kira ni, me hannunki ya yi?" A can gaskiyarki ce. A can wanda ya tsaya jiran taimako shi ke zuwa jana'iza, kuma rabin mutanen ƙauyenmu ta hannunki suka shigo duniya da rai. Ni kuma na kwaso wannan asibitin a kaina na kawo shi Doha, na zauna gaban kwamfuta ina amsa tambayoyi daga cikinsa.

Daga nan shiri ya koma wani abu dabam. Sunayen magunguna da alamomin cuta ba su ba ni wahala ba, hannuna ne ya ƙi jin magana. Memuna ta kafa mini doka: kafin in zaɓi amsa, in waiga cikin ɗakin da ke cikin tambayar, in ga su wa ke nan. In na manta sai ta buga tebur ta ce, "Nan Doha ne, akwai kowa. Yalla, maza sake!" Yohanna ya mai da Juma'armu aji, yana karanto mini tambayoyi daga wayarsa, yana kiran sunayen magunguna kamar mai tauna tsakuwa. Ina karatu a bas, ina karatu a layin wanka, har 'yan ɗakinmu suka haddace rabin jarrabawar ba da son ransu ba.

Alheri, 'yar Zonkwa da ke kwana a gadon samana, ita ta ƙirƙiro nata salon. Ba zato ba tsammani sai ta zube a ƙasa ta sandare, wai ta suma. In na taɓa ta kafin in yi ihun neman taimako, ni ke wanke-wanken ranar. Mama, na wanke tukwane har hannuna ya yi fari. Ƙafata ke fara gudu, bakina yana baya.

Ranar da na fara yi daidai, Alheri ta zube a bakin kicin, na buɗe maƙogwaro na kwarma ihu iya ƙarfina. Kafin in rufe baki sai ga maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta banko ƙofa da ludayi a hannu, ga mai shagon ƙasa ya hawo bene yana haki, ga wata tsohuwa da ban taɓa gani ba riƙe da gorar ruwa. Alheri ta buɗe ido ɗaya ta ga taro, ta rasa yadda za ta tashi. Muka yi ta ba da haƙuri, aka yi dariya har da hawaye. Amma da suka watse na shiga banɗaki na yi kuka na gaske, don ke na tuna.

Ladi ta ba ni labarin ranar da kika faɗi. Da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, kika zame a bakin rumbu, ƙugunki ya karye. Matan gidan maƙwabcinki Malam Audu suna daka a bayan danga, kina jin taɓaryarsu, da kin yi tari ma da sun ji. Kika ja jiki a ƙasa har ɗaki, kika ɗaure ƙugu da zane, kika haɗiyi maganin da kika zaɓa wa kanki, kika kwanta har Ladi, da ta zo ƙauye duba ki, ta dawo daga kasuwa da yamma. Da ta tambaye ki me ya hana ki kira, cewa kika yi, "Mutane suna da aikinsu." Daga wannan kwanciyar ba ki tashi ba. Ke da aka buga wa ƙofa a kowane irin lokaci kika fita ba ƙorafi, ba ki yarda ki buga ta kowa ba ko sau ɗaya. Na daɗe ina fushi da ke a kan wannan, yau na faɗa miki.

Ranar jarrabawa ta biyu Yohanna ya roƙi izini a wurin aiki ya raka ni har ƙofa. Memuna ta turo saƙon murya: "Khalas, shi ke nan, ka shirya. Allah ya ba ka sa'a. Ka waiga kafin ka amsa." Na zauna, na yi addu'a, na fara. Can tsakiya sai ga ta, kusan kalma da kalma: mutum a ƙasa, ba ya amsawa, ba ya numfashi. Hannuna ya tafi da kansa kan amsarki, na ji muryarki sarai a kunnena. Na ce a raina, Mama, ki yi haƙuri, yau akwai mutane a bayan danga. Na matsar da hannu na zaɓi kiran taimako.

Da saƙon ya zo ina bakin aiki. Na karanta, na sake karantawa, na ba wata abokiyar aiki ta karanta mini don kada idona ya yaudare ni. Sannan na yi guɗarki a tsakiyar asibitin mutane, har wani majinyaci Balarabe ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi. Yohanna da na kira shi, sai "Na gode Allah" yake ta maimaitawa. Alheri ta zube a ƙasa don murna, wannan karon ba wanda ya kula ta.

Yanzu muna da gida a Old Airport, ba nisa da Memuna. Ɗaki biyu ne da falo, tagarsa tana kallon bayan wani babban kanti, amma ni ban taɓa ganin gida mai kyansa ba. Mami ta iso. A filin jirgi ta tsaya tana kallona, ta taɓa kumatuna da yatsa, ta ce ashe na fi ta waya tsawo.

Ba banza aka sa mata sunanki ba. A makonta na farko ta faɗi a kan bene ta kurje gwiwa. Ban ji ko ƙus ba. Na tarar da ita a banɗaki ta jiƙa gishiri a kofi tana wanke ciwon da kanta, ta cije leɓe, hawaye na zuba ba sauti. Na durƙusa na karɓi kofin, na yaba mata, don ta wanke shi tsaf yadda ke za ki wanke. Sannan na ce mata daga yau in ta faɗi ta kira ni tukuna, da ƙarfi, ko ina barci, ko ina girki, ko ina da aikina.

To, ta ɗauki darasi fiye da kima. Yanzu in tawul ya yi mata nisa, "Mama!" In takalmi ɗaya ya ɓace, "Mama!" Yohanna yana cewa na ɓata yarinya, maƙwabta za su kai ƙararmu. Ni kuwa ko me nake yi sai in ajiye in ruga. Saratu ce ke kira, kuma na daɗe ina jiran in ji Saratu ta kira.

Ubangiji ya ba ki hutu, ke da ba ki taɓa hutawa ba. Ya sāka miki da kowane jariri da kika karɓa, da kowace ƙofa da kika buɗe. Ya sa albarka a wannan aiki, ya ba ni hannu irin naki, ya bar mini muryar da na samu a nan. Ya raya takwararki, ya sa duk ranar da ta kira a samu mai amsawa. Amin.

'Yarki da ke kewarki kullum,
Rifkatu,
wadda yanzu ake kira Mama kawai.