Inna Ba Ta Ci Komai a Abuja Ba

Kwarbai, Zariya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya sanyin can? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai jikin Inna.

Maigidana, Baban Amira, ya daɗe yana son ya kai ta Abuja ta huta, to hutun nan muka je. Ta ga Dutsen Zuma, ta yi salla a babban masallaci, har dariya ta yi da ta ga kwalekwale a tafki. Da yamma ya kai mu wani gidan abinci mai gilasai ta ko'ina, aka zaunar da mu tebur ɗaya, ita tana fuskantar sa. Yaya, kin taɓa ganin Inna ta kai loma a gaban suruki? Ni da ta haifa, wallahi ban tuna ba. Aka kawo mata gasasshen kifi, ta ce a ƙoshe take, alhali tun a mota ta sha maganin suga. Muna fitowa jiri ya kwashe ta a bakin ƙofa. Kwana biyu muka yi a asibiti.

Da na yi mata ƙorafi, cewa ta yi, "Bilki, duk faɗin wurin nan ban ga lungun da zan juya baya ba." Shi kuwa har yau kunya ta hana shi shiga gaishe ta.

Ki gaida kowa, ki sa ta a addu'a. Ni ma ki roƙa mini gafara, don ina gefenta ina cin kifina.

Ƙanwarki,
Bilki