Faifan Japan Ya Iso, Mamana

Assalamu alaiki Hajara, 'yata, mai sunan mahaifiyata.

Bayan gaisuwa da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, ina sanar da ke cewa saƙon da kika yi oda ya iso, mako shida bayan mun kai ki. Mai gadin bene ne ya hawo da shi. Faifai uku, tsofaffin kiɗe-kiɗen Japan ɗin nan naki da aka wanke aka sake fitarwa.

Kin san abin da nake cewa a kansu: ƙarti tamanin riƙe da goge, an rasa mai buɗe baki ya yi waƙa. Ke kuma ki ce, "Baba, sau ɗaya dai ka saurara har ƙarshe, ban da zolaya." Na ce insha Allahu, irin wadda nake yi wa masu kawo ɗinki ana jibi Sallah.

To, na saka a rediyon shago. Sarewa ta yi kuka, ganga ta buga sau ɗaya, sai tsit. Na jira. Na ɗala wa rediyon mari. Ubanki, wanda ya ƙare karatu a aji uku, ya yanke hukunci inji ya mutu. Na rungume shi a tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, daga unguwarmu Ard al-Liwa har wurin mai gyara a unguwar Faisal. Ya saurara, ya dube ni, ya ce ma'alish ya Hajj, wato yi haƙuri Alhaji, shirun ma cikin kiɗan yake.

Ashe shi kike ji in na same ki zaune ido rufe, ina cewa gudun wanke-wanke ne.

Jiya bayan la'asar na tsayar da keken ɗinki na zauna. Cikin shirun nan, Mamana, wani mutum ya yi tari. An ɗauki faifan tun ba a haife ki ba, ƙila shi ma ya riga mu, amma tarinsa na nan garau. Ni abin da ya rage min na muryarki saƙo ɗaya ne a waya: "Baba, ka taho da aish." Har yau burodin na mutum uku nake sayowa. Innarki tana karɓa, ta ajiye.

Na kai ƙarshe. Ban yi zolaya ba. Na ma laluba, ban samu ko ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa shirun da kike ciki mai daɗi ne.

Naki,
Baba tela, wanda ya makara.