Koci, Wa Ya Ce Ka Miƙa Wa Ɗana Ƙwallo?

Zuwa ga Koci Abdurrazaƙ,
Mai horar da 'yan ƙwallon Amurka na sakandaren unguwarmu, Morrisania, Bronx.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da wannan garken samarin da kake kiwo. Ina taya ka murnar nasarar ranar Asabar, duk da cewa ita ce ta jawo maka wannan takarda.

Sunana Ilu, direban tasi, mahaifin Nazifi, ƙaton nan da kake girkewa a tsakiyar 'yan tsaron baya. Ka san ni, ni ne mai tafa hannu a inda ba a tafawa. Karatuna a firamare ya tsaya, shi ma ba gamawa na yi ba, malamai ne suka gaji. Turancina kuwa bai wuce na tambayar fasinja inda zai sauka ba, don haka da Hausa zan rubuta. Na san kana ji, tunda mahaifinka mutumin Zangon Kumasi ne, sahu ɗaya muke sallah, ko da yake kai irin yaran nan ne da ake yi wa Hausa su amsa da Turanci. Na sa takardar a zauren wayar iyayen unguwa ne saboda na kira ka ban same ka ba, kuma ina so dattawa su shaida.

Na ɗaya, akwai yarjejeniya tsakaninmu, kuma ka karya ta. Lokacin da Nazifi ya ce zai shiga wasan nan, mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ta zauna ta kalli wasa guda a talabijin daga farko har ƙarshe, ba ta tambayi kowa doka ba. Da aka tashi ta ce ta gane: duk wanda aka miƙa wa ƙwallon, shi ne jama'a za su taru su danne. Ni da na daɗe ina kallo ban taɓa taƙaita wasan haka ba. Sai ta yanke hukunci cewa yaro zai yi wasa, amma cikin masu dannewa, ba cikin waɗanda ake dannewa ba. Ni na kawo maka wannan sharaɗi da bakina a bakin fili. Ka yi dariya, ka dafa kafaɗata, ka ce ɗan tsaron baya babu ruwansa da ƙwallo. A kan wannan maganar taka ta amince.

Na biyu, ga abin da idona ya gani ranar Asabar. Wasa ya zo ƙarshe, ana gaba da ku da ɗan kaɗan, ƙwallo tana hannunku, tsakaninku da layin ci bai fi tsawon tabarma ba. Ɗan siririn yaron nan naku mai gudu ya gwada, suka dawo da shi. Ya sake gwadawa, suka sake dawo da shi. Sai na hangi Nazifi, wanda ya kamata a ce yana kan benci yana shan ruwa tunda lokacin 'yan gaba ne, ya kifa hular kwano ya shiga. Na ce a raina, to, turi za a sa shi, ya buɗe wa wani hanya. Ban gama tunanin ba sai ga ƙwallo a cikinsa. Ya rungume ta yadda yake rungumar kular abinci, ya sunkuyar da kai, ya tafi da mutum uku a jikinsa kamar 'yan goyo, ya zube a bayan layi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, a nan na manta shekaruna. Na yi ihu, na rungume wani tsoho ɗan Dominika da ban taɓa gani ba, hulata ta tafi, har yau ban san wanda ya tsinta ba. Saboda haka in ana neman wanda zai ce dabarar ba ta yi ba, ba ni ba ne.

Na uku, hujjarka na gane ta. Nazifi ya yi mini bayani da cokula a kan tebur: in an matso layi fili ya ƙare, babu wurin zille-zille, kowa ya cunkushe, sai dai nauyi ya ture nauyi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa da safe. Kuma yaron da aikinsa ke nan ture ƙatti ya fi kowa sanin inda ake taɓa su su faɗi. Amma ka amsa mini. In ƙafarsa ta gurɗe a aikin da ba nasa ba, wa zai toshe maka wannan ƙaton ramin da zai bari a baya? Wa ma ya koya masa riƙon ƙwallo, yaron da a gida ba ma ba shi kofin tangaran? Sannan shi ɗan siririn nan da ya ɗauko ƙwallo tun daga can ƙarshen fili fa? Kamar ni ne in ɗauko fasinja daga filin jirgi, in sha cunkoson gada, ana saura kwanar titi ɗaya a iso gida a sauke shi a ba wa mai babbar mota, shi a yi masa godiya. Ka duba yaron nan, shi ma yana da uba a bencin 'yan kallo.

Na huɗu, kuma shi ne babba, yadda labarin ya isa gida. Ni da Nazifi mun shirya a mota cewa sai Hajiya ta ci ta huta, sannan mu faɗa mata a hankali. Ashe bidiyo ya riga mu. Tana gidan wankin kaya maƙwabciyarmu ta shigo da guɗa, ta cusa mata waya a fuska a gaban mata, tana yi mata barka. Koci, Nazifi ɗan fari ne. Kai a nan ka tashi, bari in koya maka abin da ba a koyarwa a jami'a: a wurinmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Tun da ta haife shi "wannan yaron" take ce masa, shi ya sa ba ka taɓa ganin ta a fili ba. To ga mata sun kewaye ta suna jira ta yi murna, ga ɗanta a ƙarƙashin tulin ƙatti, ga alkawari an karya, kuma ita ce ta ƙarshen ji. Ta naɗe kayanta da danshinsu ta dawo.

Muna shiga ta karɓi hular kwano da sulken kafaɗa, ta kulle a akwatin da take ajiye zannuwan biki, ta ce wasa ya ƙare. Ni kuma, da yake muryata ce ake ji a bidiyon tana cewa a ƙara ba shi, an haɗa ni da kai a laifi. Yaron da malmala huɗu ba ta isarsa, yanzu ɗaya yake jagwalgwalawa ya tashi. Tun Litinin ba ka gan shi a atisaye ba, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe a makaranta. In bai koma yanzu ba, shi ke nan ba zai koma ba.

Sai dai ga wani sirri, in har abin da aka sa a zaure yana zama sirri. Jiya da yamma na shigo ba ta ji ni ba. Na tarar da ita a kicin, muciya a hannu, waya a jingine da kwalbar mai, tana mayar da bidiyon baya daidai inda ya tsallaka layi. Ta kalla, ta mayar, ta sake kalla, har tuwo ya kama. Tun da muka yi aure ban taɓa cin tuwo mai ƙauri ba sai jiya, kuma murmushi nake yi na cinye. Na san ƙawayenta za su kai mata wannan maganar, na riga na gyara kujerar bayan tasi inda zan kwana.

Ka gane inda matsalar take? Ita ba za ta iya buɗe baki ta ce a mayar da shi ba, bare ta ce a ƙara ba shi ƙwallo. Ni in na roƙa, mai laifi ne yake roƙo. Yaro in ya roƙa, fitsara ce. Kai ne ka ɗauki abu ba ka tambaya ba, kai ne kuma za ka zo ka tambaya, domin ta samu hanyar cewa to ba tare da an ce ita ta nema ba.

Saboda haka ga buƙatuna. Ka zo gidanmu Juma'a da yamma, ka taho da mahaifinka, don ba za ta juya wa dattijo baya ba. Ka cire takalmi da hular nan taka hana-sallah, ka durƙusa ka gaishe ta. Kada ka zo da allon nan naka mai zane-zane. Kada ka yabi yaron, kada ma ka ambaci sunansa. Ka ce ka yi kuskure, ka ba da haƙuri, ka yi shiru. Za ta yi faɗa, ka bar ta ta gama. Sai ka nemi izinin miƙa masa ƙwallo da gaskiya: a bakin layi kawai, ba kullum ba, kuma bayan an koya masa riƙo da faɗuwa. Daga yau kuma duk ɗan tsaron bayan da za ka canza wa aiki, ka fara sanar da gidansu.

In ta ce a'a, to a'a ce, ka roƙi a ba ka shi ya koma wurinsa na da, ni ma a bayanta za ka same ni. In kuwa ta kawar da kai ta ce ku kuka sani, ka tashi da sauri ka yi godiya, a gidanmu babu amincewar da ta kai wannan. Ranar Asabar kuma, in ka hango wata mata da mayafi can ƙarshen bencin 'yan kallo daidai layin ci, tana kallon wani wajen kamar hanya ce ta biyo da ita, don Allah kada ka gaishe ta. Ba ka gan ta ba.

Allah Ya ba ka nasara a fili, Ya ba ka wadda ta fi ta a falonmu. Allah Ya tsare ƙasusuwan yaranka da na yaran da suke dannewa, Ya saka wa iyayenka da alheri.

Wassalam.

Naka,
Ilu mai tasi, Baban Nazifi.