Taken Baba a Bakin Begila

Yaya Bawa,

Gaisuwa mai yawa daga Wurno. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kumasi?

Wani mai busa begilar Nasara yaz zo nan, munka riƙa haɗa busatai da kalanguna. Daɗin abin yas sa nik koya mai taken Baba, wanda ba a kaɗa ma kowa ba tun rasuwatai. Ranar kasuwar Goronyo sai ga shi yana busa ma Joji, Baturen mulki, shi! Da Inna taj ji, sai kuka.

Wallahi ban yahe ba. Na haɗa ma mai begilar nan zambo, kowace kasuwa sai na kaɗa shi. Jiya har rawa yat taka, mahauta na dariya, bai san shi nika zagi ba.

Taya ni da addu'a kada hannuna shi gaji. Gaida yara.

Ƙanenka,
Mamman