Gwangwanin Kafso da Ƙafar Babana

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiya na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Hansatu, bara na gama firamare a wani ƙauye kusa da Dutse. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuta. In na yi kuskure a gafarce ni.

Na ɗaya. A gidanmu ni kaɗai na yi boko, don haka aka ba ni riƙon gwangwanin magani. Ranar kasuwa mai magani yana zuwa da faranti a ka, yana sayar da kafso mai ja da rawaya, uku ko huɗu, gwargwadon kuɗin mutum. In zawo ya kama ƙanwata a ba ta biyu, da zarar ta fara wasa sai Inna ta ce a ajiye wa kaji sauran. Ni nake ɓare shi a kaskon ruwansu. In akuya ta ji ciwo ni nake barbaɗa mata. Maƙwabta har suna ce mini malamar asibiti, ni kuwa ina jin daɗi.

Na biyu. Lokacin noman farko fartanya ta sari Babana a ƙafa. Na barbaɗa masa kamar yadda nake yi wa akuya, ya sha biyu, zafin ya sauka, ya koma gona. Ciwon ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe, kullum kuma ina ba shi. Bayan kaka ƙafar ta kumbura tana wari. Aka sayar da awakinmu aka kai shi asibiti a Dutse. Sau uku ana canza magani, ciwon bai ji ba. Inna ta ce wa likita wataƙila jikinsa ne ya saba da magani. Ya ce, "Ba jikinsa ba ne, Inna, cutar ce ta saba. Mai ba shi kaɗan-kaɗan ɗin nan, karatu yake koya mata." Ya ce haka ma na kaji da awaki, cutarsu takan koya ta dawo kan mutane. Ya tambaya wa yake ba shi. Ina tsaye riƙe da buta, sai na fita da ita ɗebo ruwa. Yanzu an ce in allurar da ake yi masa ba ta ci ba zuwa Juma'a, za a yanke daga gwiwa.

Na uku. A makaranta an koya mana yanke farce da wanke hannu, ba a taɓa gaya mana wannan ba. Kafson a leda ake ƙulle shi, babu takardar da zan karanta. Tun da aka fara shari'ar Musulunci ana zagaya kasuwa ana duba mudu, amma ban ga wanda ya leƙa farantin nan ba.

Roƙona, a sa mai shela ya faɗa ranar kasuwa, a faɗa a rediyo, a gaya wa limamai. A turo mana malamin dabbobi ko da sau ɗaya ne. Ban ce don Babana ba, na san nasa yana hannun Allah.

Jiya da na dawo gida ɗaukar kaya, Gwaggona ta shigo, kajinta suna gyangyaɗi, ta ce in ba ta kafso biyu. Na so in yi mata bayani, amma sai na buɗe gwangwanin. Na ba ta. Ni ba za su ji maganata ba, ranka ya daɗe, taka za su ji. Babana har yanzu bai san kafson da nake ba shi ne sanadi ba. Duk wanda ya zo dubiya sai Babana ya nuna masa ni, ya ce wannan ce ta yi ta jinyarsa, ya sa mini albarka.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya raya maka zuri'a, ya tsare ƙafafunka.

Wassalam,
Hansatu